Kawu Habu da Dariyar Alhaji Mudi

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Kawu Habu a Malali ya san ba a samun kujeru daidai da yawan baƙi. In mutum biyar ya gayyata, kujera huɗu zai fitar. Ba rowa ba ce. Kujerun roba na nan jibge a bayan gareji har rana ta koɗar da su. Shi dai so yake ya ga yadda za ku yi. Sai ya zauna a tasa, ya tura tabarau kan goshi, ya harɗe hannu yana kallonku. Wanda ya yi wuf ya zauna, ya gane shi. Wanda ya tsaya yana cewa, "Ba komai, ni dama na gaji da zama," shi ma ya gane shi.

Ni ranar da abin ya faɗo kaina, ina sabon malamin sakandare, sai na sami gefen tabarma na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Sa'idu, za ka yi aikin gwamnati har ka tsufa ba a ƙara maka girma ba."

Na ce, "Haba Kawu, don na zauna a ƙasa?"

"A'a. Don ka yi godiya bayan ka zauna."

Ban ce gaskiya ya faɗa ba. Amma dai har yau in shugaban makarantarmu da mataimakinsa suka yi tafiya, ba ni ake bar wa makulli ba.

Ga waɗanda suka taso suka same shi da furfura: Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kuma ya yi shekaru yana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a kwalejin horar da malamai. Ritaya ta karɓe masa ɗalibai, amma ba ta karɓe halin ba, sai muka zama mu ne ajin. Maganarsa kullum ita ce, "Mutum ba ya bayyana shi kaɗai. Ajiye shi kusa da wani, sannan ka ga ko wane ne." In an ce masa abu zai ɓaci, sai ya ce, "A bari mu gani." Da wannan "a bari mu gani" ya kusa shiga kabari yana gaba da mutumin da ya fi so a duniya, kuma duk wanda ke cikin danginmu ya san abin da ya hana mu sukuni ke nan a shekararsa ta ƙarshe.

Mutumin shi ne Alhaji Mudi mai yadi, na Unguwar Kanawa. Tare suka shiga elemantare. Kawu ya zarce da karatu, Mudi ya bi mahaifinsa kasuwa, amma ba su rabu ba. Mudi ba ya kiransa Dokta, sai Boka. Kullum bayan La'asar zai rufe shago ya zo majalisar da ke ƙofar gidan Kawu, kuma in ya iso an san an gama maganar siyasa. Allah ya yi wa Mudi baki. Zai ba ka labarin yadda ya sayi albasa, ka yi dariya har ka riƙe ciki.

To, wata rana kafin Mudi ya iso, Kawu ya tara 'yan majalisa. Ni ba na nan, ina can ina makin jarrabawa, amma ku da kuke wurin kun san kanku, ba sai na kama suna ba.

Ya ce, "Akwai tambayar da ta daɗe tana damuna. Barkwancin nan na Mudi, a cikinsa yake, ko a cikinmu masu dariya? Daga yau duk abin da ya faɗa, kada wanda ya ko murmusa."

Aka ɗauka wasan yini ɗaya ne, aka yarda.

Mudi ya iso da fara'arsa, ya cire takalmi, ya fara labarin wata Hajiya da ta zo shagonsa tana neman atamfa kalar sabuwar motar mijinta, har sai da ya bi ta bakin titi da turmi uku yana karawa a jikin mota. Ya kai ƙarshen labari ya tsaya yana jira. Shiru.

Ya ce, "Na ce a jikin mota na kara!"

Shiru. Wani ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Mudi ya duba rigarsa, ya shafa hularsa. "Wani ya rasu ne?"

Kawu ya ce, "Babu wanda ya rasu. Ci gaba, muna ji."

Da a nan aka tsaya, da labari ne za mu riƙa bayarwa a wurin biki. Ina! Kawu ya ce yini ɗaya ba ya zama hujja. Washegari ma aka ƙi yi. Jibi ma haka. Labaran Mudi suka fara gajarta. Ya zo da tsire ya ajiye a tsakiya, aka ci aka yi godiya, ba a yi dariya ba. Ya tambayi matarsa ko bakinsa ya fara wari. Daga baya sai ya daina ba da labari gaba ɗaya, ya zo ya zauna a gefe kamar baƙo, a yi Magariba ya tafi. Abin da ya fi ci mini rai da na ji shi ne, dattijon nan da furfurarsa ya riƙa bin gidajen 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya da sassafe, yana cewa in ya taɓa faɗin wata magana da ta ɓata wa wani rai a cikin wasa, don Allah a yafe masa.

Nan ne Kawu ya ga bincike ya kammala. Ya jira majalisa ta cika, fuskarsa na sheƙi kamar ɗalibin da ya zo na ɗaya.

"Mudi, albishirinka! Babu abin da ka yi wa kowa. Gwaji ne. Kuma ka tabbatar mini da abin da nake zato: da aka janye dariya, sai barkwancin ya mutu. Ka gani? Rabin halinka a hannunmu yake!"

An ce Mudi ya dube shi. Sannan ya miƙe a hankali, ya karkaɗe riga, ya sa takalmi.

"Habu," in ji shi, kuma wannan ne karon farko da aka ji ya kira shi da sunansa tun suna yara, "shekara da shekaru kana ba ni labarin ɓerayen da Turawa ke sawa a keji suna nazari. Ina ta dariya. Ashe ni kake kiwo."

Ya tafi. Bai sake taka layin ba.

'Yan majalisa suka bi shi gida suka ba shi haƙuri, ya yafe wa kowa. Saura mutum ɗaya, wanda bai je ba.

Hajiya Asabe, matar Kawu, ta ce, "Malam, ka je ka ba bawan Allahn nan haƙuri."

"Haƙurin me? Sakamako ya fito tsaf."

"Sakamakon ne zai riƙa zuwa yana taya ka hira?"

"Asabe, gyaran dangantaka fanni ne mai zaman kansa. Akwai hanyoyi na ilimi. A bari mu gani."

Ana cikin a bari mu gani, numfashi ya fara yi masa wuya. Ni na kai shi asibiti, kuma ni likita ya ja gefe ya ce zuciyar ta gaji, a lallaɓa ta, kada a sa rai da nisa. Liman ya je wurin kowannensu ya yi musu nasiha a kan gaba tsakanin Musulmi. Kawu ya ce shi ba ya gaba da kowa, Mudi ne ke fushi. Mudi ya ce shi ɓera ne, kuma bai taɓa jin an ce ɓera na gaba da mutum ba. Liman ya dawo yana salati.

Sai Kawu ya fito da hanyar ilimi ta farko. Ya ce masana sun lura cewa yawan ganin fuska yana sa zuciya ta saba da ita, ko ba a yi magana ba. Saboda haka duk ranar da ba ni da darasi da safe, sai in ɗauke shi in kai shi kasuwa, ya kafa 'yar kujerarsa daidai gaban shagon Mudi, ya zauna yana fuskantarsa. Ba sallama, ba komai. Fuska kawai.

Kai, na ga abin kunya a rayuwata, amma wannan daban ne. Masu sayayya na ratsa shi, 'yan dako na cewa "Baba, hanya!", shi kuwa yana nan ya kafe Mudi da ido kamar hoton ɗan takara. Mudi bai taɓa kallonsa ba. Sai dai in mai saye ta zo, ya ɗaga murya: "Hajiya, ɗauki wannan. Ba ya zuba. Yadda kika gan shi yau, haka za ki gan shi bayan shekara hamsin. Ba kamar wasu ba."

Da abin ya ishe shi, wata safiya muka iso muka tarar ya ɗaura igiya a bakin shago ya rataya yadi, ya yi labule tsakaninsa da inda Kawu ke zama. Kawu ya matsa, ya sauke tabarau, ya murza bakin yadin da yatsa biyu. A mota ya ce da ni:

"An samu ci gaba."

"Kawu, labule fa ya sa maka."

"Shadda ce, Sa'idu. Da ya tsane ni, yadin 'yan makaranta zai rataya."

Hanya ta biyu ta fi ta farko muni. Aka yi rasuwa a Rigachikun, wani tsohon ɗan ajinsu, dole su duka su je ta'aziyya. Kawu ya ce in fara ɗauko Mudi, in ce masa ni ma can za ni, sannan in biyo ta Malali. Da Mudi ya ga inda na karya kan mota, sai ya juya fuskarsa ga taga. Ta'aziyya ce, ba a fasawa. Kawu ya shiga baya. Wallahi a motar nan ko numfashi a hankali nake yi.

Dabarar kuwa tun a daren jiya ya tsara mini ita. Ya ce in aka haɗa maƙiya biyu a kan wahala ɗaya da ba ta warwaruwa sai da su duka, gaba na narkewa. Don haka a hanyar dawowa, in mun bar gari, in kashe mota in ce ta mutu, sai an tura. Na ce likita ya hana shi ko ɗaukar bokiti. Ya ce Mudi ne zai yi turin, shi dafawa kawai zai yi.

Na gangara gefen titin Zariya na kashe mota. Na ce, "Af! Baba, ta mutu, sai an ɗan tura."

Mudi ya dube ni, ya dubi makullin da ke hannuna. Ya buɗe ƙofa ya fita. Kawu ya fita da sauri ya dafa bayan mota, ya bar masa wuri a gefensa. Mudi ya gyara hularsa, ya ɗaga hannu, ya tsayar da ɗan acaɓa, ya hau.

"Sa'idu," ya ce, "in ka gama karatun, ka gaida mutanen gida."

Muka bi bayansa da kallo har ya ɓace a cikin manyan motoci. Na koma na murɗa makulli. Motar nan, wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba, ta ce ita ma ta shiga binciken. Ta ƙi tashi. Kafin in fito in hana shi, Kawu ya sa kafaɗa ya fara turi shi kaɗai, don haushi. Bai yi nisa ba na ga ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da taya, leɓɓansa sun yi fari. Na riƙe shi ina kiran sunan Allah, tireloli na wucewa suna girgiza mu.

Da ya samu numfashi, ya ce, "Rubuta... mota ta fi... yadda ake zato nauyi."

Ban yi dariya ba. Daga nan asibiti muka wuce, aka ba shi gado.

Kowa ya zo dubiya. 'Yan majalisa, tsofaffin ɗalibansa, har mai wankin hula. Duk sanda aka taɓa ƙofar ɗakin, sai Kawu ya ɗaga kai, ya ga wanda ya shigo, ya mayar. Mudi bai zo ba.

Ranar da aka sallame shi, Hajiya Asabe ta ajiye masa kunu, ta ja kujera ta zauna a gabansa. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban samu damar gudu ba.

"Malam, yau zan yi magana. Ka karanta littafi har sun hana mu wurin ajiye katifa. Ka san halin kowa a unguwar nan, har na akuyar maƙwabta. Kalma biyu ta gagare ka. 'Yi haƙuri.' Ko in rubuta maka a allo ka wanke ka sha?"

"Asabe, lamarin ba..."

"Ka ji abin da likita ya ce, ni ma na ji. So kake a ɗauke ka bawan Allahn nan na riƙe da kai?"

Kawu ya ture kunun gefe. Can ya ce, a hankali, "In na faɗa, ya ƙi fa?"

Tunda nake da shi, ban taɓa jin ya yi tambayar da bai riga ya tanadi amsarta ba sai ranar.

Hajiya ta ce, "In ya ƙi, ka faɗa dai."

Da hantsi muka isa Unguwar Kanawa. Layin Mudi mota ba ta shiga, sai da muka taka, yana dogara sanda, yana tsayawa yana hutawa. Muka yi sallama. Mudi na zaune a zaure a kan darduma, bai fita kasuwa ba tukuna. Ya amsa mini sallama. Na shimfiɗa wa Kawu tabarma, ya ƙi zama. Ya tsaya a tsakiyar zaure, ya cire tabarau ya sa a aljihu.

"Mudi, na yi maka laifi. Na mai da kai abin gwaji a gaban mutane, alhali kai abokina ne. Babu ilimin da ya ba ni izinin haka. Ka yafe mini."

Mudi ya kafe bango da ido. Rediyon maƙwabta na ta sanarwar ɗaurin aure. Ina jin numfashin Kawu yana fita da ƙyar.

"Na ce ka yafe mini, Mudi."

Shiru. Ni dai na ji kamar in durƙusa in roƙa a madadinsa. Can Mudi ya juyo, ba ga Kawu ba, gare ni.

"Sa'idu, ka gaida Hajiya."

Na kama hannun Kawu muka fita. A mota raina a ɓace yake. Da muka shiga Malali, sai Kawu ya ce:

"Ya yafe."

"Kawu, don Allah. Ko kallonka bai yi ba."

"Ba ka ga hancinsa ba? In Mudi na danne dariya, ƙofofin hancinsa buɗewa suke yi suna rufewa. Tun muna aji ɗaya haka yake, har bulala ya sha a kai. Ramawa yake yi, ɗan banza. Kuma ya iya."

Na ce to. Amma a raina na ce wannan shi ne mutumin da ya ga labule ya ce ci gaba ne. Na ɗauka lallashin kansa yake yi, na bar shi da abinsa.

Ba a yi mako ba, wata safiya bayan ya karya kumallo, Allah ya karɓi abinsa.

Gida ya cika. Ana shawarar wanda zai je sayo likkafani, sai ga Alhaji Mudi ya shigo da farin yadi a hammata. Ya ce babu wanda zai auna sai shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yanka yadi ko ido a rufe, ranar almakashi ya ƙi tsayawa a hannunsa. Ya ajiye, ya ja ni bayan gida inda babu mutane.

"Sa'idu, na yafe masa. Wallahi tun kafin ya cire tabarau na yafe masa." Muryarsa na karyewa. "Cewa na yi bari in bar shi ya ɗanɗana kwana biyu, ya ji yadda shiru yake. Juma'ar nan na shirya zan zo majalisa, har labari na tanada. Ga shi ya tafi. Ya tafi yana zaton na ƙi shi. Me zan ce wa Allah?"

Na ce, "Baba, ya sani."

"Kada ka lallashe ni, yaro."

"Wallahi ya sani. Tun a mota ya ce ka yafe. Ya ce hancinka ya gani yana buɗewa yana rufewa. Ya ce ramawa kake yi, kuma ka iya."

Mudi ya tsaya cak. Ya kai hannu ya taɓa hancinsa. Sai dariya ta ƙwace masa, mai ƙarfi, a gidan makoki, har mutanen tsakar gida suka leƙo suna tambayar lafiya. Yana dariya hawaye na bin gemunsa.

"Boka!" yake cewa. "Kai, Boka! Duk bincikensa na banza, sai wannan ɗaya!"

Ya share fuska da hannun riga, ya koma ya ɗauki almakashi. Wannan karon hannun ya tsaya. Shi ya yanka, shi ya shiga wurin wanka, kuma shi ya karɓe shi a bakin kabari.

Allah ya jiƙan Kawu Habu, ya yafe masa abin da ya yi da sani da wanda ya yi da sunan ilimi. Yadda ya iya sunkuyar da kai ya nemi gafarar abokinsa kafin lokaci ya ƙure, ya Allah ka karɓe shi da gafararka, kada ka bar shi yana jiran amsa. Allah ya ba Hajiya Asabe haƙuri, ya ƙara wa Alhaji Mudi lafiya, ya sada su a Aljanna. Amin.